Takardar Yaya da Na Sa wa Leda

Ni mace ce mai adana takarda, kuma ban taɓa jin kunyar wannan hali ba sai sau ɗaya. Duk wadda ta zauna a Jos ta ga yadda ruwan damina yake shigowa ɗaki ta ƙarƙashin ƙofa ba sallama za ta fahimce ni. Shagon ɗinkina yana Kwararafa, bango ɗaya da shagon wata 'yar Ibo da kowa yake kira Madam. Tana da injin hoton takardu, tana kuma da injin laminatin, wanda yake rufe takarda cikin leda mai tauri ya manne ta da zafi. Shekara da shekaru, duk takardar da ta shigo hannuna sai ta bi ta injin nan. Takardun haihuwar yarana, sakamakon jarabawarsu har da wanda aka faɗi, hatta takardar da aka ba ni ranar da na sayi keken ɗinki. Maigidana yakan ce ranar da ya yi dogon barci zai farka ya tarar da kansa a cikin leda. Ni dai yabo nake ɗaukar maganar.

Ina da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. Ɗan lambu ne. Da rani yana wani ƙauye can bayan Kuru, a bakin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, ana ba shi aron fili yana shuka kabeji da karas. Ruwa na sauka masu fili su karɓi abinsu su sa masara da dankali, shi kuma ya naɗe tabarmarsa ya shigo gari leburan gini, ya sauka a ɗakin zaurenmu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu mata suna gidajen mazajensu a nesa. In ka tambaye shi adireshi sai ya ce, "Wane wata muke ciki?" Mutum ne marar hayaniya. Ni na kwashe bakin gidanmu duka, shi aka bar masa haƙurin.

A ranin wata shekara tari ya kama shi, ya rame, har abokan lambunsa suka tilasta masa zuwa ƙaramin asibitin ƙauyen. Aka auna kakinsa aka ce tarin fuka ne, tibi. Malamin asibitin ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla: magani kyauta ne, amma wata shida ne cur, kullum da safe kafin a ci komai, ba fashi. In ya yi fashi ciwon zai dawo, kuma yana iya dawowa da taurin kan da maganin ba zai ƙara jin sa ba. Yaya ya riƙe maganar nan kamar salla. Ya sha wata biyu bai tsallake rana ɗaya ba, tari ya lafa, ya fara cin tuwo malmala biyu.

Sai ruwa ya sauka, aka karɓi fili.

Ya iso gidana da buhun kayansa da ƙwayoyin kwana goma sha huɗu a ƙulle, da wata takarda ruwan ɗorawa da ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ya ce malamin ya ce ya kai ta asibitin da ya fi kusa da mu, su za su ci gaba da ba shi na wata huɗun da suka rage. Ya ce malamin ya maimaita masa har sau uku: "Wannan takardar ita ce ranka, kada ta jiƙe, kada ta yage."

To jama'a, a gaya wa wa? Na karɓi takardar na duba. Siririya ce, ana hango yatsa ta bayanta, gefe ɗaya har gumi ya fara cin ta. Na ce, "Yaya, wannan ce ranka kake yawo da ita a aljihu kamar takardar ƙosai? Kawo nan." Washegari da hantsi na shiga wurin Madam. Ta kunna janareta musamman saboda ni. Ta ɗaga takardar ta ce, "Mama tela, wannan na asibiti ne fa, ka tabbata?" Haka Hausarta take, mace da namiji duk ka ne. Na ce mata na asibiti ne shi ya sa, ta sa mai kaurin. Takarda ta fito tana sheƙi, da ɗuminta, ko a kogi aka jefa ta ba abin da zai same ta. Yaya ya juya ta gaba da baya ya ce Allah ya yi mini albarka. Wallahi ranar har wani taku nake yi.

A rana ta uku muka je asibitin unguwa. Sashen masu tari yana can baya, kusa da tankin ruwa, benci biyu a ƙarƙashin rumfar kwano. Mai kula da shi wata nas ce mai tabarau, ana ce mata Sista. Da layi ya zo kanmu na miƙa mata takardar da hannu biyu, ina jiran ta yaba. Ta karɓa. Ta ƙwanƙwasa ta a kan tebur, ta yi ƙara kamar faranti. Ta sauke tabarau ta dube ni.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ce.

"Hajiya, kin iya karatu?"

Na ce na iya daidai gwargwado.

"To karanta mini abin da ke ƙasan layin nan mai ɗigo-ɗigo."

Ashe takardar gida biyu ce. Na sama malamin ƙauye ya cike. Na ƙasa fari ne fat, asibitin da ya karɓi mara lafiya shi zai cike, ya buga hatimi, ya yage daidai layin ya mayar wa asibitin farko, shaidar cewa mutum ya iso. Sista ta ɗauki biro ta goga a kan ledar, biro ya zame. Ta ɗauki hatimi ta buga, ta sa babban yatsa ta shafa, tawada ta biyo yatsan. Ta ɗaga wa mutanen benci su gani. Wani tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce, to ai da sauƙi, a yi hotonta a cike a kan hoton. Ta ce hoto fari ne, masu duba aiki kuwa ruwan ɗorawa suke nema. Na ce ga lambar malamin a jiki, ta kira shi ta ce mutum ya iso. Ta ce, "Masu duba aiki in sun zo, waya zan buɗe musu ko fayil?" Na ce to ta ba shi magani kawai, ga shi ga tarinsa, ai ba sai an karanta ba. Nan ta yi mini bayanin da ya ɗaure mini kai. Kowane mai tibi yana da kwalinsa, maganin wata shida a ciki, da sunansa da lambarsa a jiki. Kwalin Yaya yana ƙauye. Ba za a aiko shi ba sai guntun takardar nan ya koma. Ita kuma ba ta da ikon fasa sabon kwali sai ga sabon mara lafiya, Yaya kuwa ba sabo ba ne.

Na ce, "Sista, yanzu ledar ce za ta hana mutum magani?"

Ta ce, "Ni na sa ledar?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, duk masifar da na zo da ita a baki ba ta da wurin sauka. Ta ce mu koma ƙauye a sake rubuto wata, ta kira na gaba. Yaya ya yi mata godiya, har da rusunawa. A hanya na ce masa godiyar me ya yi? Ya ce ai matar ta yi bayani.

Ni tela ce, ina da almakashi da dutsen guga, ban yarda akwai abin da aka manne da ba zan iya ɓarewa ba. Na yanke gefen ledar, na sa allura na fara ɗagawa. Ledar ta taso da fatar takardar, rabin sunan ƙauyen ya biyo ta. Madam ta ce zafi ne ya manne, zafi ne zai sake. Muka sa dutsen guga a kusurwa ɗaya, kusurwar ta yi baƙi ƙirin. Na ajiye dutsen na zauna. Yaya yana bakin shago yana kallon titi, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi. Saura ƙwayar kwana goma.

Na ce ya zauna ya huta, ni da na ɓata ni zan gyara. Na rufe shago na shiga motar Kuru, daga can na hau babur zuwa ƙauyen, cikin taɓo har gwiwar ɗan acaɓan. Na tarar da ɗakin masu tari da kwaɗo. Mai shara ta ce malam ya tafi bita cikin gari, sai mako mai zuwa. Na ce bitar me? Ta ce ita dai ta ga ya ɗauki jaka, amma akwai takarda a ƙofa. Na karanta. Bita ce ta kwana biyar a wani otal a Jos, a kan yadda za a daina rasa masu tibi idan sun sauya asibiti. Na tsaya na sake karantawa don kada in yi wa mutane ƙazafi. Haka ne. Wato na baro Jos na zo neman sa, shi kuma yana Jos ana koya masa yadda zai nemo Yayana, ana ba shi shayi da nama sau biyu a rana. Na yi dariya ni kaɗai har mai sharar ta ja da baya.

Na koma ranar da ya rage ƙwayar kwana uku. Malamin yana nan, da sabuwar jaka da sabuwar riga mai rubutu a ƙirji. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Ya tuna Yaya nan take, ya ce bai taɓa samun mai shan magani a kan lokaci kamarsa ba. Na ajiye masa takardar, rabi a ɓare, kusurwa a ƙone. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "Hajiya, faɗa aka yi a kanta?"

Na ba shi labari na ce ya rubuto wata. Ya jawo babban littafin rajista ya buɗe, ya nuna mini layin Yaya. A ƙarshen layin an rubuta an tura shi, da kwanan wata.

"Kin gani? Na riga na tura shi, kuma rahoton ya wuce sama. Yanzu ba ya hannuna. Ta yaya zan tura mutumin da ba ni da shi?"

Na ce to ya ba ni kwalin in kai wa Sista da hannuna. Ya tashi ya buɗe kabad. Ga kwalin nan a jere da 'yan'uwansa, da sunan Yayana da jan biro. Da na miƙa hannu da na taɓa shi. Ya ce kwali ba ya fita sai guntun takarda ya dawo, in ba haka ba masu duba aiki za su ce sayarwa ya yi.

Na ce, "Shi ke nan, na ji. Bari in dawo maka da shi nan. Duk mako zan sako shi a mota ya zo ya karɓa."

Ya sosa ƙeya. Ya ce hakan ma yana yiwuwa, amma sai asibitin da aka tura shi ya rubuto takardar cewa ya turo shi baya.

"Asibitin da bai karɓe shi ba?"

"To, nan ne matsalar take."

Nan fa na tashi. Na ce masa mutum yana can yana da ƙwayar kwana uku a duniya, maganinsa yana nan a kabad yana shan iska, mu kuma manya biyu muna zaune muna gadin littafi. Na ce ita bitar da aka kwana biyar ana yi, me aka koya musu? Ya ce an koya musu abubuwa masu amfani ƙwarai, har an ce za a kawo sabon fom mai gida uku. Na ce Allah ya sanya alheri. Ya ce zai yi magana da ogansa na ƙaramar hukuma, in ba shi lambata. Na ba shi. Ya rako ni har bakin hanya, ya tsayar mini da babur, ya ce in gaida masa Yaya da kyau.

Ƙwaya ta ƙare. Na kira malamin, ya ce oga ya tafi bita. Na koma wurin Sista sau biyu, ta biyun ma da ta hango ni sai ta fara girgiza kai tun daga bakin tanki. Na zaga kemis-kemis na Jos, aka ce wannan magani ba na sayarwa ba ne, na gwamnati ne, kyauta ake ba da shi. Ban taɓa sanin abin kyauta yana fin na saye wuyar samu ba sai lokacin. Yaya ya ci gaba da tashi da asuba yana cika kofi da ruwa saboda sabo, sai ya tuna, ya shanye ruwan haka nan. A mako na uku tarin ya dawo. Ina cikin ɗaki ina jin sa daga zaure, kowane ɗaya kamar da ni yake.

Madam ce ta kawo dabara. A Anguwan Rukuba take zaune, ta ce akwai wani asibiti kusa da gidanta da yake ba da maganin tibi. Ta ce, "Ka kai shi can. Ka ɓoye takarda. Ka ce yau ne ya fara tari. Su suna son sabo."

Yaya ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, a shekarunsa. Na ce ba wanda ya sa shi, ya rufe baki kawai, ƙaryar ni zan yi, tunda ni na fara aikin bari in ƙarasa. Muka je. Ma'aikacin ya ɗauki biro ya tambaya, "Baba, ka taɓa shan maganin tibi?" Yaya ya zuba wa ƙasa ido. Na ce, "Bai taɓa ba. Ko sunansa bai sani ba." Aka karɓi kaki, bayan kwana biyu aka ce yana da shi.

Kai, ka ga tarba! Ashe Madam ta san abin da take faɗa. Wanda aka turo kaya ne, amma sabon mara lafiya abin nema ne, shi ake ƙirgawa a ce asibiti yana aiki. Aka ba Yaya kujera mai jingina. Aka auna nauyinsa, aka fasa masa sabon kwali a gabanmu, aka yaba mini da na kawo shi da wuri. Ma'aikacin ya zaunar da shi ya yi masa bayanin wata shida ba fashi, kalma bayan kalma irin wanda ya riga ya haddace, har da gargaɗin kada ya tsorata in ya ga fitsarinsa ya yi ja. Yaya yana ta gyaɗa kai yana cewa "To, to," kamar yau ya fara ji. Da muka fito ya ce, "Auta, yanzu wata biyun nan da na sha, ina suka tafi?" Na ce ya manta da su. Ya ce, "Cikina bai manta ba."

Aka koma rana ta ɗaya. Duk bayan mako biyu muna hawa keke mai ƙafa uku zuwa Anguwan Rukuba mu karɓo. Ya murmure, ya koma ɗaukar bulo, ya yi kumatu. Ni ma na saki jiki, har na fara ba da labarin a gidan biki ana dariya, yadda na fi gwamnati wayo.

Da ya cika wata huɗu a sabon kwalin, ruwa ya ɗauke. Saƙo ya zo daga ƙauye cewa an cire masara, in bai zo cikin mako ba za a ba wani filin bakin ruwa. Na dawo daga shago na tarar yana ɗaure buhu.

Na ce, "Yaya, saura wata biyu fa."

Ya ce, "Zauna mu yi lissafi. A ƙauye na sha nawa?"

"Biyu."

"A nan fa?"

"Huɗu. Amma ai..."

"Biyu da huɗu nawa? Malamin farko ya ce shida. Na biyu ya ce shida. Na ba su shidansu."

Na ce ba haka ake yi ba, an yi fashi a tsakiya, an sake daga farko. Ya ce ba shi ya yi fashin ba. A hankali ya faɗa, ba da nufin ya soke ni ba, amma ta shige. Na yi masifa, na yi kuka, na ce filin banza filin wofi, zan ciyar da shi har rani ya fita. Ya ce shi bai saba ƙanwarsa ta ciyar da shi da rani ba, damina ma don dole ne.

Akwai hanya ɗaya, kuma na san ta. In je Anguwan Rukuba in nemi takardar tura shi asibitin ƙauye ya ƙarasa wata biyun a can. Amma a Anguwan Rukuba shi mutum ne da bai taɓa shan magani ba, a ƙauye kuwa mutum ne da ya sha wata biyu aka tura shi Jos. Takardar na isa, littafi biyu za su haɗu, a gane matar nan mai leda ta koma mai ƙarya. Sai in tsaya gaban ma'aikacin da yake kira na 'yar'uwa ta gari in ce na yaudare shi. Na saka mayafi sau biyu da niyyar zuwa, sau biyu ina cirewa. Na ce wa kaina ai ya warke, dubi kumatunsa, wataƙila ma lissafinsa daidai ne. Kunya ce kawai ta hana ni, ba wani abu ba. Ledar kuskure ce, na yarda, kowa yana iya yi. Wannan kuwa ina sane na yi.

Ya tafi da ƙwayar kwana tara da ta rage masa. Ma'aikacin Anguwan Rukuba ya kira ni sau uku, na ƙi ɗagawa.

Da kabeji ya isa yanka ya riƙa zuwa mini ta hannun direbobi, manya-manya, har ina rabawa da Madam. In na kira shi ya ce lafiya lau, sai dai aiki. Daga baya kabejin ya daina zuwa, muryarsa kuma ta koma gajera, yana yanke magana a tsakiya ya ce babu sabis. Ashe ya ƙi komawa asibitin ƙauyen ne saboda nauyin malamin, kada ya tambaye shi yadda aka ƙare. Kafin a cire karas abokansa biyu suka kawo shi a bayan motar kayan miya, da tsumma a baki duk jini. Muka wuce babban asibiti. Can na faɗi gaskiya duka, tun daga leda har ƙarya, likitan yana rubutawa bai ko ɗago kai ba. Ashe faɗar ba ta fi minti biyu ba. Yaya ya kwana tara a gadon nan, ranar ta goma da la'asar ya cika.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, ina shago ina yanka atamfa, waya ta yi ƙara. Malamin ƙauye ne. Ya gaishe ni da fara'a, ya ce masu duba aiki za su zo mako mai zuwa, yana bin layukan da ba a rufe ba, ya ga na Yaya har yanzu guntun takardarsa bai dawo ba. Ko an samu an daidaita da Sista?

Na ce, "Malam, Yaya ya rasu."

Ya yi salati. Na ji yana jan hanci, kuma na san ba na munafunci ba ne. Ya yi masa addu'a mai tsawo, ya ce mutumin kirki, mutumin kirki. Na ce to sai ya rufe layin, ya rubuta ya rasu.

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Akwai gidan da ake rubuta hakan, amma na wanda ya rasu a hannuna ne. Shi kuwa na riga na tura shi. Asibitin da ya karɓe shi ne zai rubuta."

"Ba su karɓe shi ba."

"Haka ne."

"To me za ka rubuta?"

"Sai dai in bar shi yadda yake. An tura shi, ba a ji isarsa ba."

Na ce masa na gode, na ajiye wayar a kan atamfar mutane. Daga Kuru zuwa Jos, ko mota ta yi faci a hanya, ba a yin awa biyu. Da idona na ga an fita da Yayana daga zauren gidana a kan makara, maigidana yana cikin waɗanda suka sa shi a ƙasa. Amma a littafin nan har yau yana hanya, bai iso wurina ba.